Kuɗin man motar 'yan siyasa: wanne ake biya da rasit, wanne ya riga ya shiga albashi?

Ɗan Kware:

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san aikin kuɗin gwamnati su warware mini wata magana da ake ta ja-in-ja a kanta a nan Sakkwato, musamman tun da fetur ya yi tsada.

Idan mai riƙe da muƙamin siyasa, ɗan majalisar jiha ne ko kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma ko kansila, ya sha mai ya kawo rasit ya ce a mayar masa da kuɗinsa, doka ta yarda? Wasu sun ce kuɗin mai yana cikin alawus ɗin da ake ba su kowane wata, saboda haka duk rasit ɗin da ya biyo baya cin biyu ne. Wasu kuma sun ce alawus daban, man tafiyar aiki daban.

Ina son in san ko akwai bambanci tsakanin motarsa ta kansa da motar gwamnati. Sannan tafiyar ta'aziyya, ɗaurin aure da taron jam'iyya, su ma aiki ne? Kuma ƙaramin ma'aikacin da bauca, wato takardar biyan kuɗi, ta zo gabansa, ta yaya zai gane litar da aka rubuta ta yi daidai da tafiyar da aka yi? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Akanta:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Kware. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Kafin a kalli rasit, abin da ake fara tambaya shi ne motar ta wa ce, kuma ta wace hanya aka riga aka biya manta. Hanyoyin uku ne, kuma tafiya ɗaya ba ta shiga biyu daga cikinsu.

Mu fara da tushe. Ɗan siyasa ba shi ke yanka wa kansa alawus ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wannan aiki a kan hukumar rabon arzikin ƙasa, wato RMAFC. Sashe na 70 ya ce ita ke ƙayyade albashi da alawus na sanatoci da 'yan majalisar wakilai, sashe na 111 ya faɗi haka a kan 'yan majalisar jiha. Gwamna da mataimakinsa suna ƙarƙashin sashe na 124: majalisar jiha ce ke yin dokar albashinsu, amma ba za ta wuce abin da hukumar ta tsayar ba. Shugabannin ƙananan hukumominmu 23 da kansiloli, a duba dokar jiha da takardar umarnin da ke aiki a lokacin.

A 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da alfarma kuɗi. Kafin nan gwamnati ke sayen mota, ta ɗauki direba, ta zuba mai, ta biya bakanike, kuma ɓarnar da ake yi a wurin ba ta da iyaka. Sai aka ce a lissafa waɗannan abubuwa a zuba wa mutum cikin albashinsa, ya je ya ji da kansa. Daga nan alawus na man mota da gyaranta ya fito, kuma ana lissafa shi ne da kaso na ainihin albashi. Na sanata ne aka fi sani: ainihin albashinsa naira 2,026,400 a shekara, alawus na mai da gyara kashi 75 cikin ɗari, ya zama naira 1,519,800 a shekara, wato 126,650 a wata. A watan Agustan 2024 shugaban hukumar, Mohammed Bello Shehu, ya bayyana wannan adadi da kansa sa'ad da ake cece-kuce a kan abin da sanatoci ke samu. Ya kuma ambaci rancen mota na naira 8,105,600, wanda bashi ne da ake biya kafin a bar kujera. Kowane muƙami da nasa kaso a jadawalin albashi na hukumar, don haka kada a ɗauki na sanata a ɗora wa kansila.

Wannan ita ce hanya ta farko, kuma ba ta buƙatar rasit ko ɗaya. Ya sha mai ko bai sha ba, kuɗin na shiga asusunsa. Ita ke ɗauke zuwa ofis da komawa gida, yawon cikin gari, sabis, taya da baƙin mai. Wanda ke karɓar wannan alawus, in ya kawo rasit ɗin man da ya sha daga gidansa zuwa sakatariya, an biya shi sau biyu a kan abu ɗaya. Masu cewa cin biyu ne a nan suka yi daidai.

Hanya ta biyu motar gwamnati ce, mai lambar gwamnati, wadda ke cikin rajistar kayan ma'aikata. Manta yana fitowa daga kuɗin gudanar da ofis, kuma ba a ba ɗan siyasa a hannu. Ofishin sufuri ke rubuta takardar shan mai, direba ya kai gidan man da aka yi yarjejeniya da shi, ƙarshen wata gidan man ya kawo takardunsa a biya shi ta banki. Mai muƙami fasinja ne kawai a wannan lissafi. In ya ce ya zuba daga aljihunsa a hanya, to sai littafin motar ya nuna haka.

Ta uku ita ce inda masu cewa man aiki daban suke da hujja. An tura mutum aiki wajen mazauninsa, misali taro a Kaduna ko Abuja, da amincewa a rubuce kafin ya tashi, ya kuma tafi da motarsa. Nan ana biyansa kuɗin sufuri, amma bisa kilomita, da farashin da takardar umarni ta yanka. Kuɗin kilomita ya haɗa mai da lalacewar mota gaba ɗaya, saboda haka ba a ƙara rasit ɗin gidan mai a kansa. In an saya masa tikitin jirgi, babu kuɗin kilomita. Alawus na kwana a wajen gari kuwa na masauki da abinci ne, ba ruwansa da tanki.

Ba zan ɓoye inda matsalar ta fi ciwo ba. Jadawalin nan na 2008 ne. Kafin 29 ga Mayun 2023, da lita tana wajen naira 195, naira 126,650 tana sayen lita kusan 650. Da lita ta haura naira dubu a Oktoban 2024, kuɗin nan lita 126 kawai yake saye, ga gyaran mota yana ciki. Babbar mota ba za ta yi Sakkwato zuwa Abuja ta dawo da wannan ba. Kukan gaskiya ne. Amma hanyar gyaransa ita ce hukumar ta sake duba jadawalin a fili. Ba a cike giɓin da rasit ta bayan fage, domin akawun da ya sa hannu shi zai amsa tambaya.

Baban Direbobi:

Malam, ni zan taɓa maka tambayarka ta ƙarshe, don ita ce aikin ofishin sufuri. Rasit ba shi gaya maka an yi tafiya. Abin da shika gaya maka kawai shi ne wani ya karɓi takarda a gidan mai. Shaidar tafiya tana cikin littafin mota.

Kowace motar gwamnati tana da nata littafi, kuma cikin motar shika kwana. Abin da aka rubutawa: kwanan wata, lokacin fita da na dawowa, lambar da agogon kilomita ya nuna kafin a tashi da bayan an dawo, inda anka je, dalili, litar da anka zuba, sa hannun direba da na wanda anka ɗauka. Lambar rufewa ta yau dole ta zama lambar buɗewa ta gobe. In jiya an rufe a 48,210, yau an buɗe a 48,390, to akwai kilomita 180 da ba su da uba, kuma daga nan aka fara tambaya.

Sai ka san cin man kowace mota, kuma kada ka ɗauko shi daga takardar kamfani, don ba a hanyarmu sunka gwada ba. A cika tanki har famfo ya tsaya da kanshi, a rubuta kilomita. A yi aiki kwana biyu ko uku, a koma wanga famfo dai a sake cikawa. Litar da ta shiga karo na biyu, a raba da kilomitar da anka yi, a ninka da ɗari. A maimaita sau uku a ɗauki tsakiya. Corolla mai lafiya za ka same ta wajen lita 7 zuwa 8 a kilomita ɗari, Hilux mai fetur wajen 12 zuwa 13. Wadda ta tsufa ko tayarta ba iska za ta fi haka, shi ya sa kowace mota da nata awo.

Ga misali. Sakkwato zuwa Tambuwal kusan kilomita 100 ne, zuwa da dawowa 200. Hilux a lita 13 ta sha 26. Ƙara ɗan zagayen cikin gari da tsayuwa, ka ce 30. In mun ɗauka lita naira 900 ce, kuɗin 27,000 ke nan. Idan rasit ya ce lita 80, ba lallai ƙarya ba ce, don tankin Hilux shina ɗaukar 80. Amma ke nan saura lita 50 tana cikin tanki, kuma bai kamata a sake ganin takardar shan mai ba sai motar ta ƙara kilomita kusan 380. In washegari an sake cika ta, tambaya ta tashi.

Maganar tsayuwa kada a raina ta. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, direba na jiran maigida a bakin taro awa uku da inji a kunne da na'urar sanyaya mota. Babbar mota tana shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu kowace awa a tsaye, agogon kilomita kuwa bai motsa ba. Wanda bai san haka ba sai ya tuhumi direba da sata. Wanda ya sani kuma shina iya fakewa da ita ya rubuta abin da ya ga dama. Maganinta a buɗe gurbi a littafin don awannin tsayuwa, mai muƙami ya sa hannu a kai.

Abubuwan da ke tona rasit na bogi ba su da wuyar gani. Lita 70 a Corolla wadda tankinta 50 ne. Rasit ɗin gas a motar fetur. Rasitai na hannu masu lamba a jere, 0412, 0413, 0414, alhali kwanan watansu ya rabu da mako biyu-biyu, wanda ke nuna zama ɗaya anka yi anka cika su. Farashin lita da bai yi daidai da na famfo a wagga rana ba. Ranar da motar ke garejin bakanike da injinta a ƙasa amma ga ta ta sha mai. Sai kuma agogon kilomita da ya mutu wata shida ba a gyara ba. Motar da agogonta ya mutu, a tsayar da takardar manta har a gyara, don ba ka da abin awo.

Kuma jarka ba tanki ba ce. Man da anka ɗura a jarka anka kai gida don janareta bai shiga lissafin mota, ko da gidan na gwamnati ne. Wannan wani kasafi ne daban da nashi littafi.

Hajiya Mai Bincike:

Sannu da ƙoƙari Baba, ka sauƙaƙa mana aiki. Zan ɗora da yadda takardar ke tafiya a ofis, don a nan ƙananan ma'aikata suke faɗawa rami.

Ma'aikatun tarayya suna da kundin ƙa'idojin kuɗi, jiha tana da nata, ƙananan hukumomi ma suna da nasu. Lafazi ya bambanta amma tsarin ɗaya ne. Amincewa ke zuwa kafin tafiya. Takardar neman izini ta faɗi inda za a, dalili, kwana nawa, da wace mota. Jami'in da alhakin kuɗin ke wuyansa ya amince: babban sakatare a ma'aikata, akawun majalisa a majalisa. Daga nan a duba ko akwai saura a kason sufuri na kasafin bana, a rubuta bauca, mai binciken cikin gida ya duba ta kafin a biya. Bayan biya a buga hatimin an biya a kan baucar da kowane rasit da ke maƙale da ita, ɗaya bayan ɗaya. Rasit ɗin da ba a buga wa hatimi ba shi ne wanda ke sake dawowa a wata bauca bayan wata uku.

In adibas aka ba mutum kafin ya tafi, bashi ne a kansa har ya dawo ya kawo bayanin yadda ya kashe, da rasitai, ya mayar da canji a ba shi rasit ɗin baitulmali. Ba a ba shi sabo alhali tsohon na buɗe, kuma ba a tsallaka 31 ga Disamba da shi. Wanda ya ƙi, ana cirewa daga albashinsa. Adibas da ba a rufe ba yana cikin abubuwan da suka fi yawa a rahoton masu binciken kuɗi a ƙasar nan, kuma galibi ba don an sace ba ne, sai don babu wanda ya iya tunkarar mai muƙami ya ce ranka ya daɗe, takardu.

Wani ƙaramin abu da ke jawo babbar rigima: rasit ɗin na'ura, irin mai santsi da POS ke fitarwa. Rubutunsa da zafi ake yinsa, kuma zafi ke goge shi. Direba ya ajiye shi a gaban gilashin mota da rana tsaka a garin nan, kafin mako ya zama farar takarda. Ko a cikin fayil yana iya dishewa. A yi masa hoto a ranar da aka karɓe shi, a maƙala asalin a jikin hoton, direba ya rubuta lambar mota da kilomita a baya. Mai bincike yana zuwa ne bayan shekara ko fiye, kuma farar takarda a wurinsa daidai take da babu.

Ga inda na ɗan saɓa da Tsohon Akanta. Ya ce mai muƙami fasinja ne a motar gwamnati, haka ne. Amma akwai tambayar da ta riga wannan: wanda aka ware wa motar gwamnati shi kaɗai, da direba da mai, me ya sa alawus na man mota ke ci gaba da shiga albashinsa? Manufar tsarin 2003 ita ce kuɗi ya maye gurbin mota. Da aka dawo da sayen motoci da sunan motocin aiki, kamar yadda majalisar tarayya ta yi a 2023, sai aka wayi gari ga mota ga alawus. Wannan ya fi rasit ɗin lita 30 girma nesa ba kusa ba, kuma ba a teburin akawu ake gyara shi ba.

Shawarata ga ƙaramin ma'aikaci: in bauca ta zo ba amincewa ko ba kwafin shafin littafin mota, kada ka yi gardama da baki. Rubuta abin da ya rage a jikin fayil, sa hannu da kwanan wata, ka mayar. In an umarce ka ka biya duk da haka, a rubuta umarnin a fayil ɗin. Babban mai binciken kuɗi na jiha, wanda sashe na 125 ya kafa, rahotonsa majalisa yake zuwa, kwamitin kula da asusun gwamnati ya kira mutane. A ranar, abin da ke rubuce ne zai tsaya maka.

Ɗan Kware:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura biyu. Hajiya, in aiki ya kai mutum ƙauyen da babu gidan mai sai 'yan bumburutu, ba su kuwa da rasit, yaya ake yi? Sannan ba a taɓa maganar ta'aziyya da taron jam'iyya ba, ga shi a nan ne rabin man ke ƙonewa.

Hajiya Mai Bincike:

Ƙa'idojin kuɗi sun tanadi takardar shaida bisa amana, wadda mutum ke rubutawa ya sa hannu cewa ya kashe kaza a inda rasit ba ya samuwa. Don ƙananan kuɗi aka yi ta. Galan ɗaya ko biyu da zai fitar da mota zuwa gidan mai na gaba, in littafin mota ya nuna tafiyar ta yi nisan da tanki ba zai kai ba, ana karɓa. Cikakken tanki a kan wannan takarda ba ya wucewa. Kuma yawancin tafiye-tafiyen cikin jihar nan tanki ɗaya ya ishe su: Illela kilomita tamanin da 'yan kai ce daga Sakkwato, zuwa da dawowa bai cinye rabin tankin Hilux ba. A cika kafin a tashi.

Lauyan Unguwa:

Malam Ɗan Kware, bari in ɗauki ta biyun.

Taron jam'iyya da yaƙin neman zaɓe ba su da wata ƙura: ba aikin gwamnati ba ne. Dokar zaɓe ta 2022, sashe na 95, ta hana amfani da kayan gwamnati don fifita wata jam'iyya ko ɗan takara, kuma motar gwamnati da manta kayan gwamnati ne. Man da aka ƙona a kamfe yana cikin kuɗin zaɓen ɗan takara, wanda sashe na 88 na dokar ya sa wa iyaka a wancan lokaci: naira miliyan 30 ga mai neman majalisar jiha, miliyan 70 ga majalisar wakilai, miliyan 100 ga sanata.

Ta'aziyya ita ce mai wuya, domin a ƙasar Hausa shugaban da ba ya zuwa gaisuwa ba zai zauna da mutane lafiya ba, kuma ba wanda zai ce ya daina. Amma wajibcin zumunci bai mayar da shi bashin baitulmali ba. Ma'aunin da nake ganin ya fi tsabta shi ne wa ya aike shi. In majalisa ta zartar a zamanta cewa tawaga ta je jaje garin da ambaliya ta ci, ko gwamna ya wakilta kwamishina a rubuce, wannan aike ne, akwai takarda, a biya ta hanyar da Tsohon Akanta ya bayyana. In shi ya ga ya dace ya je ɗaurin auren ɗan wani jigo a mazaɓarsa, alawus ɗinsa na wata ke ɗauka. 'Yan majalisa ma suna da alawus na mazaɓa daban. Motocin 'yan rakiya da ake ba kowa kuɗin mai a bakin ƙofa, wannan kyauta ce daga aljihunsa.

Akwai kuma kuɗin gudanar da ofis na 'yan majalisar tarayya, wanda ba ya cikin jadawalin RMAFC. Shehu Sani ya ce naira miliyan 13.5 ne a wata a 2018, Sanata Kawu Sumaila ya gaya wa BBC Hausa a 2024 cewa ya kai miliyan 21. A ƙa'ida kuɗin ofis ne da ake kawo bayanin kashe shi, kuma tafiye-tafiye na cikinsa. A 2021 babbar kotun tarayya da ke Legas ta yanke cewa RMAFC kaɗai ke da hurumin yanka albashi da alawus na 'yan majalisar. To duk wanda zai kawo lissafin lita 126 a matsayin hujja, a tambaye shi ko akwai wannan kuɗin a gefe.

Hukunci ba wasa ba ne. Dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000, sashe na 16, ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga jami'in da ke riƙe da kuɗi ko kayan gwamnati ya ba da bayanin ƙarya a kansu da saninsa. Sashe na 19 ya tanadi shekara 5 ga wanda ya yi amfani da muƙaminsa ya jawo wa kansa ko nasa amfanin da bai cancanta ba. Dokar ba ta ce sai kuɗin ya kai miliyan ba.

Ingila ta sha irin wannan. A 2009 jaridar Daily Telegraph ta fallasa abubuwan da 'yan majalisarsu ke karɓar kuɗi a kai, aka kafa hukuma mai zaman kanta, IPSA, aka raba majalisar da biyan kanta. Ɗan majalisa a can ba rasit ɗin gidan mai yake kaiwa ba. Yana rubuta daga ina zuwa ina, mil nawa, don me, a biya shi bisa mil. Farashin da aka tsayar a 2011 shi ne fene 45 (fene ɗari ne fam ɗaya) kowane mil har mil dubu goma a shekara, bayan nan fene 25. Ba a biyan tafiya daga gidansa na mazaɓa zuwa ofishinsa na mazaɓa, kuma hukumar tana wallafa abin da kowa ya karɓa a intanet. Abin da ya fi dacewa mu ɗauka shi ne wallafawar. Mutumin Wurno ya fi kowane mai bincike sanin ko wakilinsa ya zo garin ranar da takarda ta ce ya zo.

Kafin a kai can, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ana rubuta wa ma'aikata a nemi kwafin baucocin mai da littafin mota na wani lokaci, doka ta ba ta kwana 7 ta amsa, kuma a 2025 kotun ƙoli ta yanke cewa dokar ta shafi jihohi. A faɗi lambar mota da watannin da ake so a takardar, a karɓi kwafi mai hatimin ranar da aka miƙa ta.

Baban Direbobi:

Barista, ƙari ɗaya kan 'yan rakiya, don kada a haɗa su da motar jami'an tsaro. Yadda hanyoyin gabashin jihar nan sunka zama, wajen Isa da Sabon Birni, tafiyar aiki ba ta yiwuwa sai da rakiya, kuma motarsu ma mai taka sha. In tafiyar da izini, a sa motar tsaron cikin takardar amincewa tun farko, da lambarta da kilomitarta, a rubuta mata takardar shan mai tata daban. Kada a zuba ma motoci uku a kan rasit ɗaya da lambar mota ɗaya. Ko da kowace lita gaskiya ce, takardar za ta nuna Hilux ta sha lita 200, kuma direban ne za a fara kira.